Ranar da Bakina Ya Ce a Koma Baya

Ba zan taɓa mantawa da bikin autata Falmata ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai wani hoto rataye a falonta da ba zai bar ni ba. Duk sanda na je gidan, kujerar da ta ba hoton baya nake nema. Mijinta ya sha cewa zai sauke shi don girmamawa, ita kuwa ta ce ranar da aka sauke shi, ranar za ta sa a yi mata babbansa.

Bari in faro daga tushe. Ni sana'ata wankin hula, a nan unguwar Hausari, cikin Maiduguri. A wanke, a sa sitaci, a kifa a kan gungume ta bushe, a goge ta fito tsaf. Abin da na taso a ciki ke nan, shi na tsufa a ciki. Boko kuwa a aji uku muka rabu da shi, ba faɗa ba gaba, kowa ya kama hanyarsa. To amma in aka zo maganar ƙwallo, nan fa ni farfesa ne. (Ban taɓa buga ta ba, in ban da ta tsumma da muka yi muna yara, ita ma gola ake sa ni saboda ba na gudu. Wannan bai hana ni sanin abin da kowane koci a duniya ya kamata ya yi ba.)

Majalisarmu a ƙofar shagon Emeka take, mai sayar da kayan wuta. Mutumin kudu ne, amma ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fara ɗaukar karin Barebari. Duk sanda aka shiga gasar ƙasashe, ko ta Afirka ko ta duniya, sai ya fito da talabijin ya ɗora a kan tebur, mu jera benci. Akwai Malam Bitrus, tsohon hedimasta ɗan wajen Biu, shi ne mai raba mu in gardama ta yi zafi. Sannan akwai Ba Modu, abokina kuma ciwon kaina. Manomin wake ne daga Konduga, shekarun tashin hankali suka dawo da shi cikin gari. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Afuno", wato Bahaushe da yarensu, ni kuma in ce masa "Babarbare".

Abin da ya haɗa ni da Ba Modu abu ɗaya ne: tsaron gida. Ni a wurina, ƙasar da za ta hau jirgi ta tsallaka teku, a yi mata take, 'yan wasa su dafa ƙirji har da hawaye, sannan da an hura usur su koma su taru a bakin ragarsu kamar awaki sun ga hadari, wannan ba ƙwallo ta zo yi ba, gadi ta zo yi. Ai da sun faɗa tun farko, da an ba su tocila da kulki. Shi kuwa Ba Modu ba abin da ke masa daɗi irin ya ga 'yan baya sun jeru sun hana ko iska wucewa. In ɗan baya ya zame ya kwashe ƙwallo daga ƙafar ɗan gaba, sai ka ga ya lumshe ido kamar ya kurɓi shayi mai kyau.

"Afuno," yakan ce, "kai ba ka taɓa yin noma ba. Ni in wake ya fara kosawa, ba na tafiya gonar wani neman ƙari. Tawa nake kwana ina tsaro."

"Shi ya sa ba wanda ya taɓa sayen tikiti don ya kalli gonarka," in ce.

Malam Bitrus kuma sai ya gyara tabarau ya fara mana lissafi, wai biyar a baya, huɗu a tsakiya, ɗaya a gaba, wai kowane tsari da lokacinsa. Ni dai in ya fara jero lambobin nan ji nake kamar lambar waya yake ba ni. Emeka shi ba ruwansa. "Baba," yakan ce mini, "kofi ba ya tambayar yaya aka yi aka ɗauko shi. Ku dai kar ku fasa mini talabijin."

To a gasar shekarar nan aka yi wani wasa da ya ƙona mini rai. Wata ƙasa mai 'yan wasa gwanaye, masu yanka kamar reza, ta haɗu da wata da ba ta zo da komai ba sai taurin kai. Waɗannan suka koma baya tun minti na farko. A buga, a tare. A ɗaga, a sa kai. Golansu in ya kama ƙwallo sai ya kwanta a kanta kamar kaza a kan ƙwai. Da an taɓa ɗayansu sai ya faɗi yana birgima, ka rantse ƙafar ta cire, da an kawo gadon ɗaukar majiyyaci kuma sai ya miƙe yana gyara safa. Haka aka tashi ba ci, aka je bugun fenariti, masu taurin kan suka wuce. Ba Modu ya tashi tsaye, dattijo da furfurarsa, yana taka rawa a gaban shago.

Ni kuwa kaina ya ɗau zafi. Na miƙe na dafa hulata na ce, "Ku shaida! Malam, ka shaida! Emeka, ka shaida! Ranar da wani ya ji bakin nan nawa ya ce wa 'yan wasa su koma baya, in yi mako guda cur ina yawo a garin nan ba hula!"

Wurin ya yi tsit. Wanda ba ɗan garin nan ba zai ce mene ne abin tsit a ciki. To a Maiduguri dattijo ba hula, gara ya fito ba takalmi. Balle ni, da kaina shi ne allon tallan shagona. Balle kuma (wannan tsakanina da kai ne) abin da ke ƙarƙashin hular. Gashina ya yi mini sallama tun ina saurayi, bai bar ko ɗan aike ba. Tun daga nan ba wanda ya ƙara ganin tsakiyar kaina. A gida nake alwala kafin in fita, wanzami a zaure yake gyara mini ɗan abin da ya rage a ƙeya, ƙofa a rufe. Saman nan da rana ba ta taɓa gani ba ya yi fari sol, ƙasa kuma baƙi, kai ka ce mutum biyu aka haɗa.

Malam Bitrus ya ce, "Ka tabbata? Har yanzu kana iya janyewa."

Na ce, "Janyewa ai komawa baya ce."

Aka yi dariya, aka tashi. Ni ban damu ba ko kaɗan. Ina ni ina 'yan wasa? Wa zai ba mai wankin hula ƙungiya?

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne, a lokacin an riga an sa ranar Falmata, kuma ba da kowa ba sai da Babagana, ɗan Ba Modu. Yaran su suka daidaita kansu, ita tana aikin jinya, shi yana haɗa wa mutane sola. Yaro ne mai kunya irin ta da. Tun da aka kawo kayan sa rana, in ya hango ni daga nesa sai ya kashe babur ya sauka ya tura, ya cire takalmi, ya durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye. Wata rana a tsakiyar kwalta ya durƙusa mini, mai keke ya kusa kwashe shi. Na sha ce masa ya rage, ya ƙi.

Ana saura 'yan kwanaki, abokan ango suka zo da tsarin biki irin na yaran yanzu. A ciki har da wasan sada zumunta ranar Juma'a bayan la'asar, dangin ango da dangin amarya, washegari Asabar da safe a ɗaura aure. Ban san wanda ya kitsa abin ba (na san shi, Emeka ne), sai ji na yi an ce Ba Modu ne kocin dangin ango, ni ne kocin dangin amarya, Malam Bitrus alƙalin wasa. Mai hankali da ya ce yana da baƙi. Ni kuwa cewa na yi, "Yawwa! Yau za a ga bambancin ƙwallo da gadi."

Filin makarantar firamaren unguwa aka samu. Na tara 'ya'yan 'yan'uwa da na maƙwabta, na tsugunar da su a gindin dogon yaro na ba su darasi. Darasin gajere ne: kowa gaba. Wani ya ce, "Baba, wa zai tsaya a baya?" Na ce, "Akwai abin da ka ajiye a can ne?" Har gola na ce masa in ya ga ba ya aikin komai ya ɗan leƙo tsakiya.

Jama'a sun taru fiye da yadda na zata. Mata na gidajen biyu sun shimfiɗa tabarmi a inuwa, da Falmata a tsakiyar ƙawayenta ta sha lalle, da mahaifiyarta Ya Kaltum. An kawo mai kayan sauti ya kafa manyan lasifika har biyu. Kafin a take wasa aka ba kowane koci abin magana ya yi jawabi. Ba Modu ya gaisa da yarensu ya ce, "Wushe, wushe. Allah ya sa a tashi lafiya," ya miƙa. Ni kuwa na karɓa na yi huɗuba. Na yi bayanin tarihin tsoro a harkar ƙwallo, na ce yau dangin amarya za su wanke wa Afirka ido. Da na gama, mai kayan sauti ya miƙo hannu, na ce ya bar mini, zan riƙa fassara wa jama'a wasan. Ka riƙe wannan, abin maganar nan a hannuna ya zauna.

Aka fara. Yarana suka kwarara gaba kamar an buɗe kasuwa. Yaran Ba Modu suka jeru a bakin raga, Babagana kaɗai suka bari a tsakiya yana jiran tsautsayi. Muka buga, suka tare. Muka ƙara, suka tare. Ni kuwa ina ta zuba a lasifika: "Jama'a ku duba 'yan gadi! A kawo musu tabarma su kwanta mana!" Ba Modu yana can gefe a kan kujerar roba, yana ɓare gyaɗa, ko kallona bai yi ba. Haka aka tafi hutun rabin lokaci.

An dawo ba da jimawa ba abin ya faru. A cikin yarana akwai Sale, ɗan ƙanwata, ƙato ne mai tumbi, tun da aka fara bai taɓa ƙwallo ba. Ya juya ke nan yana yi wa mai ruwan leda alama da hannu, wani ɗan bayan dangin ango ya ɗaga ƙwallo da ƙarfi zai fitar, ta daki ƙeyar Sale, ta yi sama, ta tsallake gola, ta faɗa raga. Shi Sale bai ma san ya ci ba, faɗa ya juyo zai yi da wanda ya jefe shi.

Fili ya kaure. Mata suna guɗa, yara suna tsalle, ni kaina na yi wani tsalle da gwiwata ba ta yafe mini ba har yau. Ɗaya da nema!

To daga nan ne wani baƙon abu ya shige ni. Da aka mayar da ƙwallo tsakiya, sai na fara lissafi. Shekara da shekaru ina kallon ƙwallo a kan benci, ashe ban taɓa mallakar ƙwallo ɗaya tawa ta kaina ba. Yanzu ga ta, ƙarama, mummuna, ta ƙeya, amma tawa ce. Na waiga na dubi bayanmu. Wayyo. Fili fetal tun daga tsakiya har raga, ba kowa sai gola, shi ma ya jingina da ƙarfe yana hira da wani. A can gefe kuma Ba Modu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya tashi tsaye, ya yi wa yaransa magana ɗaya da Barbarci. Sai ga su sun fito gaba ɗaya. Ashe 'yan banzan nan sun iya gudu, hutawa kawai suke yi.

Harin farko ƙwallo ta daki turke. Na biyu ta wuce sama da kamar taƙi ɗaya. Na ce, "Malam, saura minti nawa?" Malam Bitrus ya ce, "Da saura." Na ce, "Agogon nan naka yana aiki kuwa?" Hari na uku, yaran Ba Modu uku suka taho a guje, nawa kuwa suna can gaba suna jiran a kawo musu. Wallahi ban yi shawara da bakina ba. Shi ya buɗe kansa.

"Ku koma baya! Kai, ku koma baya mana! Duk ku dawo gida! Ku tare! Ku tare!"

Na manta da abin da ke hannuna. Maganar nan ta fita ta lasifika biyu, ta daki bangon aji ta dawo, ta tsallaka titi. Daga baya wani ya ce mini yana shago a bakin kasuwa ya ji ta. Na ga Malam Bitrus ya tsaya cak da usur a baki. Na ga Emeka ya ɗora hannu biyu a ka. Na ga Ba Modu ya juyo a hankali, ya dube ni, ya dubi hulata.

Mai kunya da ya tsaya nan. Ni kuwa na ce tunda hula ta riga ta tafi, kar ƙwallon ma ta bi ta. Na tattare babbar riga na bi gefen fili ina ba da umarnin da na shekara ina zagin masu ba da shi. "In ka samu buga ta bayan katanga! Kar ka je ɗaukowa, bar su su je!" Aka ɗan gogi Sale a kafaɗa, na ce, "Sale, kwanta!" Ya ce, "Kawu, ba abin da ya same ni." Na ce, "Zai same ka in ka ƙi kwanciya!" Duk wannan a lasifika. Mata a inuwa har sun daina guɗa sun koma riƙe ciki.

Amma babbar ba ta zo ba sai dab da tashi. Aka ɗago wata doguwar ƙwallo ta tsallake yarana duka, ta sauka a ƙafar ango. Babagana ya kwashe ta ya taho, daga shi sai gola. Ni a lokacin na riga na zagayo ina tsaye a jikin raga. Na duba hagu ba mai tarewa, na duba dama ba mai tarewa. Sai na ɗaga abin magana, na gyara murya, irin muryar da nake yi in na same shi a ƙofar gida, na ce:

"Babagana!"

Yaron nan ya ja birki har ƙura ta tashi. Ya bar ƙwallo ta gangara gabansa, ya zube a kan gwiwa, ya sunkuyar da kai, hannunsa ya tafi wajen igiyar takalmi zai kwance.

"Na'am, Baba. Ina wuni, Baba?"

Kowa na jiran ya ji abin da ya sa suruki ya tsayar da ango a bakin raga. Ni kuma ban tanadi komai ba. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne:

"Ka... ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Baba."

"To madalla. A riƙa ci."

Kafin nan gola ya lallaɓo ya ɗauke ƙwallo ya kwanta a kanta, kwanciyar kazar nan da na ce.

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Yaran Ba Modu suka yi caa a kan Malam Bitrus, wai a ba su fenariti. Ya share hawaye ya ce shi a iya saninsa ba dokar da ta hana gaida suruki a cikin fili, amma ni, ya laluba aljihu ya zaro wani jan kwali da ya yanko daga kwalin tumatir ya ɗaga mini. Sai ya hura tashi. Mun ci, ɗaya mai ban haushi, kuma ban taɓa sanin sunan nan ya dace haka ba.

Ba Modu ya tako har inda nake, ba gaggawa. Ya ce, "Afuno, barka. Ban taɓa ganin tsaron gida mai kyau irin naka ba. Ni da 'yan baya nake tarewa, kai har da surukuta." Na kai hannu ka, ya ce, "A'a, bar ta yau, ka ci wasa, tafi gida da mutuncinka. Mako gobe da safe zai fara."

Sai da na kai bakin titi na tuna mece ce gobe da safe.

Bayan magariba na zauna a tsakar gida na fito da hular da na tanada don ɗaurin aure, 'yar Bama, ɗinkin hannu, wata da watanni ina lallaɓa ta. Na ɗora ta a gwiwa ina kallo. Ya Kaltum ta zo wucewa da faranti ta ce, "Malam, ka ci abinci kuwa?" ta wuce tana ƙunshe dariya. Na ce zan naɗa rawani. Ta ce rawani a kan hula ake naɗa shi, kuma ni ba hakimi ba ne. Na ce to zan ce zazzaɓi ya kama ni, tunda dai ƙanena ne waliyyi. Nan Falmata ta fito daga ɗaki ta tsuguna a gabana.

"Baba, in ba ka fito ba ni ka kunyata. In ka fito da hula, za a ce mahaifina ba shi da magana ɗaya, a gaban dangin mijina. In ka fito ba hula, za a ce ba ka da gashi. Shi kuma wannan kowa ya sani."

Na ce, "Wa ya sani?"

Ta ce, "Baba, duk Hausari."

Shekara nawa ina alwala a ɓoye!

Da safe na yi wanka, na zuba farar shadda, na fesa turare, na tsaya a zaure ina jin hayaniyar mutane a waje. An shimfiɗa tabarmi tun daga ƙofar gida har bakin layi. Mutanen Konduga sun zo, na Yerwa, can tsohon cikin gari, sun zo, abokan sana'a sun zo, kowa da hularsa, rabinsu ni na wanke. Na rataye tawa a ƙusa. Na yi bisimilla na sa ƙafa waje. Iska ta taɓa tsakiyar kaina, na ji wani sanyi har tafin ƙafa.

Ban yi taku biyu ba na ga duhu ya rufe ni. Manyan riguna ne ta ko'ina. 'Yan majalisarmu ne kaf, sun kewaye ni kafaɗa da kafaɗa, sun ba ni baya, sun fuskanci jama'a. Ba Modu yana gaba yana shirya su ƙasa-ƙasa: "Malam, matsa hagu, akwai kafa. Emeka, kai ne dogo, riƙe baya. Kar wanda ya fita daga layi." Emeka har ya aro babbar riga don ya ƙara faɗi, tana jan ƙasa.

Na ce, "Babarbare, mene ne haka?"

Bai waigo ba ya ce, "Alkawarinka ba hula. Ba ka ce ba katanga ba. Yi shiru ka bi mu."

Haka muka tafi, in na taka su taka, in na tsaya su tsaya. Mai son gaisawa da uban amarya sai dai ya ga hannu ya fito ta tsakanin kafaɗu, ya kama ya girgiza, ya yi wa hannun Allah ya sanya alheri. Da aka zauna ɗaurin aure suka zauna kewaye da ni, Malam Bitrus da Emeka suka tsaya a bayana suka baza riguna. Akwai wani abokin hamayyata a sana'a da ya taso tun daga Yerwa musamman don ya gani da idonsa. Ya gwada ta dama, aka tare. Ya zagayo ta hagu, Ba Modu ya tarbe shi, ya kama hannunsa biyu ya shiga yi masa gaisuwar Barebari tun daga lafiyar jiki har ta dabbobin gida, bai sake shi ba sai da aka shafa fatiha. Ina zaune a tsakiya ina jin an ce an ɗaura, sai na ji idona ya cika. Na ce wa kaina turaren Emeka ne ya yi yawa.

Da mun tashi ba a ci mu ba, in ba don mai hoto ba. Yaron ya yi ta zagaye bai samu uban amarya ba, sai ya haye rufin wata keke napep da aka ajiye a bakin layi, ya ɗauko daga sama. Shi ne hoton da ke falon Falmata: huluna masu ado sun yi da'ira, ja da shuɗi da ruwan ƙwai, a tsakiyarsu kuma wani farin abu yana ƙyalli, rana ta sauka a kansa. Da Ba Modu ya gani ya girgiza kai ya ce, "Kullum ta sama ake cin mu."

Sauran kwanakin makon na cika su ni kaɗai, ba katanga, a bakin shagona, ina wanke hulunan mutane da kai a buɗe. Abin haushin ma, bayan kwana biyu ba wanda ya ƙara kallo.

Abin da na koya? Na koyi cewa "kowa gaba" magana ce mai daɗi a bakin wanda bai ci komai ba tukuna. Na kuma koyi cewa in za ka yi cika baki, ka fara duba abin da ke hannunka, ko a kunne yake. Har yanzu in an shiga gasa ina kan bakana, ina zagin 'yan gadi tun daga take har zuwa lokacin da yaranmu za su zura ta farko. Da ta shiga kuwa sai majalisa duka ta juyo ta zuba mini ido. Emeka ya rage sautin talabijin ya ce, "To Baba koci, yanzu fa? A ci gaba ko a koma?"

Ni kuma in danne hulata da hannun hagu, in rufe bakina gam, in ɗaga na dama in yi ta yafito su baya. Malam Bitrus ya riga ya yanke hukunci: alkawarin a kan baki aka yi shi, hannu ba ya ciki.